Zuwa Fort William da babur marar kujera a bayan mota

Gasar babura ta kwana shida ta Sikotlan ranar Litinin ake fara ta, a farkon watan Mayu, amma duk mai shiga dole babur ɗinsa ya isa garin Fort William tun ranar Lahadi, don a ranar ake duba babura a kulle su wuri ɗaya. Wannan Lahadin ce ta tashe mu daga arewacin Ingila da asubahin Asabar, ni da Kawu, da babur ɗin wani saurayi a kan tirela. Kawu bakanike ne, ya daɗe a ƙasar, kuma shi ya kwance babur ɗin ya sake haɗa shi saboda gasar. Mai shi ya riga mu yin gaba tare da iyayensa, a motar da ba ta da wurin maƙala tirela. Ni aikina tuƙi, don idon Kawu ya daina son doguwar hanya.

Wanda bai taɓa ganin babur ɗin tirayal ba, ranar da ya gan shi cewa zai yi ba a gama ƙera shi ba. Ba shi da kujera. Inda ya kamata a zauna rami ne, saboda a tsaye ake tuƙa shi daga fari har ƙarshe. Tankinsa bai cika lita 3 ba. Wanda muka ɗauko Beta ne, ƙirar Italiya, cc 300, nauyinsa bai kai kilo 70 ba, mutum biyu sa ɗaga shi cak. Ba don gudu aka yi shi ba. Duwatsu ake hawa da shi, a bi ta cikin rafi, a haye gungumen itace, alƙali na tsaye yana kallon ƙafarka. Ka taka ƙasa sau ɗaya a rubuta maka 1, sau biyu 2, fiye da haka 3, ka faɗi ko ka kasa wucewa 5, kuma mai ƙarancin maki shi ne gwani. Saboda haka komai na jikinsa laushi gare shi. A filin wasa iskar tayar baya ba ta wuce psi 4 a gejin iska ko kusa da haka, ta gaba wajen 6, don robar ta rungumi dutse. Shokozoba kuwa da hannu ɗaya za ka danna ta ta nutse.

Laushin nan da ke sa shi manne wa dutse shi ne ciwon kan mai ɗaure shi. Ɗaure irin wannan babur kamar ɗaure buhun auduga ne, kana ja yana lotsawa, ka juya baya igiya ta saki. Babban babur mai nauyi yana zama daram da kansa, bel taimaka masa kawai yake yi. Wannan kuwa ba shi da nauyin da zai zaunar da shi, ga tirelar ita ma ba ta da nauyi, ƙaramin rami ya isa ya sa su tsalle tare.

Tun yammacin Juma'a muka yi ɗaurin, da sauran haske. Abin da Kawu ya fara ɗaukowa famfo ne, ba bel ba. Ya ƙara wa tayoyin biyu iska har suka yi tauri, ya ce idan mun isa mai shi ya rage abinsa. Na tambaye shi dalili, bai amsa da baki ba, sai ya sa babban yatsa ya danna tayar baya kafin ya hura ta, yatsan ya shige har gaɓa. Tayar da ke lotsawa haka, duk lokacin da tirela ta daki tudu babur zai yi ƙasa kaɗan, bel ya yi sako-sako na ƙiftawar ido, kuma a cikin wannan ƙiftawar ƙugiya ke zamewa. Daga nan ya rufe makunnin fetur da ke ƙarƙashin tanki, ya tayar da inji ya bar shi ya shanye abin da ya rage a kafireta har ya mutu da kansa, don kada girgizar hanya ta riƙa zubar da mai a kan tirela. Igiyar kashe inji da direba ke ɗaurawa a wuyan hannu, mai maganaɗisu a bakinta, ya zare ta ya jefa cikin aljihun mota. Ƙaramar aba ce, amma idan iska ta ɗauke ta a hanya babur ba zai tashi ba.

Tirelar mai kwararo uku ce, wato tana ɗaukar babur uku a jere. Tunda ɗaya ne, a kwararon tsakiya muka tura shi, har tayar gaba ta shige cikin maƙalinta na ƙarfe ta tokare. Na riƙe shi a miƙe, Kawu ya naɗe jak. Jak ɗin irin wannan babur siririn abu ne da aka yi don ya jingina a fili na ɗan lokaci, idan aka ɗaure babur a kansa ko dai ya lanƙwashe ko ya huda katakon tirela.

A nan aka zo wurin da Kawu ba ya son a yi masa magana. Bel huɗu ya fito da su, da wasu gajerun madaukai na zare masu laushi, marasa ƙarfe ko ɗaya a jikinsu. Bai rataya komai a bakin hannun babur ba, duk da nan ne hannun mutum ke fara kaiwa. Hannun dogo ne, na alminiyam, idan ka ja shi daga can ƙarshe kana iya tanƙwara shi ko ka murɗe shi a mazauninsa, ga tiyon birki da na kuloci da wayar totur duk a wurin suke bi. Sai ya durƙusa ya zagaya madaukan a jikin sandunan shokozoban gaba, daidai saman ƙarfen ƙasa da ke riƙe su biyun, ɗaya dama ɗaya hagu. Kafin ya ja, ya bi kowane madauki da yatsa yana ɗaga tiyo yana fitar da shi waje. Tiyon birki idan bel ya danne shi tsawon yini, ba lallai ka ga komai a ranar ba, sai an hau dutse.

Daga madaukan bel biyu suka sauka zuwa zobban da ke kusurwoyin gaban tirela, suna kallon gaba da waje, ba a miƙe ƙasa ba. Bel ɗin da ya sauka a miƙe danna babur kawai yake yi. Wanda ya buɗe zuwa gefe shi ke hana shi kwantawa a kwana, wanda ya karkata gaba kuma shi ke cusa taya cikin maƙali. Ƙa'idar ɗaure kaya a Birtaniya ta ce ɗauri ya iya riƙe dukkan nauyin kaya idan sun yunƙura gaba, da rabin nauyin idan sun yi gefe ko baya. A kilo 70 wannan ba wani abu ba ne, bel mafi ƙanƙanta a garejin ya fi ƙarfin haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa Kawu bai taɓa manyan bel masu racet ɗin da ke rataye a bango ba. Racet, wato hannun ƙarfen da ake ɗagawa ana saukewa yana ƙara jan bel, ba ya gaya wa hannu iyakar abin da yake ja, kana ta ƙas-ƙas-ƙas cikin jin daɗi har ka durƙusar da babur. Masu maɓallin dannawa ya ɗauka, waɗanda ƙarfin hannunka ne iyakarsu.

"Hau ka danna kan," ya ce. Na tsaya a gaban babur na sa nauyina a kai, ya ja dama kaɗan, ya zagaya ya ja hagu kaɗan, ya sake dawowa dama. Yana yi yana ja da baya yana rufe ido ɗaya, yana auna babur da ƙofar gareji ko ya miƙe. Da shokozoba ta nutse wajen kashi ɗaya cikin uku, ya ce in ɗaga. Na ce, "Kawu, ba za ku ƙara ba? Ai akwai sauran wuri." Ya ce, "Wurin nan da ka gani na hanya ne, ba namu ba ne." Abin da yake nufi, sifirin da aka danne yana turo babur sama, turin nan ne ke riƙe bel a miƙe, idan ba ka danna ba bel zai riƙa saki, idan ka danne shi duka kuma babu abin da zai sha dukan hanya sai ƙarfe da zobba.

Baya bai ɗauki lokaci ba. Bel ɗaya ya zagaye tayar baya da kwararon, ya bi tsakanin wayoyin taya ba tare da ya danne bakin iska ba, aikinsa kawai ya hana gindin babur tsalle gefe. Na huɗun ya bi ta wajen matakan ƙafa zuwa zobban baya, an ja shi daidai misali. Ya ɗaure hannun birkin gaba da guntun roba. Giya kuwa ya bar shi a furi, ya ce babur mai rawa gaba da baya a cikin giya haƙoran giya yake ci. Na san masu saka giyar farko suna da tasu hujjar, amma idan taya tana cikin maƙali ga birki a ɗaure, ban ga abin da giya za ta ƙara ba.

Sai wutsiyoyin bel. Kowace ya naɗe ta ya ƙulle a ƙarƙashin maɓalli, yadda ko maɓallin ya zame ƙullin zai tokare. Wutsiyar da aka bari tana kaɗawa ko ta goge fenti, ko ta faɗa ƙarƙashin tayar tirela ta fizge babur ƙasa. Dogayen bel ɗin gaba kuma ya ɗan murɗa kowanne sau ɗaya kafin ya maƙala, wai shimfiɗaɗɗen bel yana kuka a iska yana karkarwa. Da ya gama ya kama hannun babur ya girgiza da ƙarfi. Tirelar gaba ɗaya ta girgiza tare da shi, babu abin da ya motsa shi kaɗai. Sannan ya ce mu je mu kwanta.

Da asuba muka maƙala tirela. Bakinta ya zauna kan dunƙulen ƙarfen mota mai milimita 50, ya yi ƙaras, amma Kawu bai yarda da ƙara ba sai da ya sa hannu biyu ya ɗaga ya ga bayan mota na tasowa tare. Tirelar ba ta da birkin kanta. Dokar ƙasar ta yarda da haka muddin ita da kayanta ba su wuce kilo 750 ba, kuma ba su wuce rabin nauyin motar da ke ja ba, da sharaɗin a sa sarƙa ko waya ta biyu da za ta riƙe ta idan baki ya kuɓuce, gajeriya yadda hancin ba zai daki kwalta ba. Kafin ya maƙala ya ɗaga hancin da hannu ya ji nauyinsa. Dole hanci ya riƙa danna mota. Idan nauyi ya koma bayan tayoyi, tirela wutsiya take kaɗawa da zarar an ɗan taka. Na shiga na taka birki, na kunna sigina dama da hagu, yana baya yana ɗaga hannu. Lambar da ke bayan tirela irin ta motar ce, haka doka ta ce.

Ba mu yi nisa ba ya ce in raɓe. Ko garin bai gama fita daga madubi ba. Ya fita ya daddanna bel ɗin da yatsa, na hagu ya ɗan yi laushi, ya ja shi kamar faɗin yatsa biyu. Ba laifin kowa ba ne. Madauki yana gyara zama, taya tana ƙara shigewa maƙali, zare yana miƙewa, duk a cikin mil ɗin farko-farko. Mafi yawan sakin da bel zai yi a tafiya a nan yake yin sa.

M6 hanya ce mai daɗi ga kowa banda mai tirela. Kowa na tafiya mil 70 a awa, kai an tsayar da kai a 60, kuma inda hanya ke da layi uku ko fiye ba ka da izinin shiga na can dama. Haka muka bi sahun manyan motoci muka haye tudun Shap, gari ya waye a kan tsaunuka masu tumaki. Duk lokacin da babbar mota ta wuce mu sai in ji iskarta ta ture tirela ta sake janyo ta. Kawu ya ce ko da ta fara rawa kada ƙafata ta je birki, in ɗaga totur a hankali in riƙe sitiyari a miƙe. Ba ta yi ba, amma na riƙe maganar.

A wani wurin hutawa kafin Carlisle muka tarar da wani dattijo Bature da babura biyu a tasa tirelar, shi ma arewa ya nufa. Masu wannan wasa ba sa wuce juna. Kafin in kulle mota har sun tsaya kowa a gaban kayan ɗan'uwansa, hannu a baya. Shi dattijon bai danne shokozoba ko kaɗan ba. A ƙasa ya kama baburansa, wajen ƙafafun shokozoba kusa da gindin taya, tayar kuma tana cikin maƙali mai cije ta. Jikin babur yana sama a sake, yana lilo a kan sifirinsa. Hujjarsa ita ce bel ɗin da ke ƙasan sifirin ba ruwansa da nutsewa da tasowa, don haka ba ya saki. Kuma shokozoba da aka danne yini guda iskar cikinta na matsa sil har ya fara tsiyayar mai. Kawu ya ce sil ɗin da ya yi yoyo a tirela dama ya tsufa ko yashi ya shige shi, ai dukan da yake sha a kan dutse ya ninka wannan. Dattijon ya kawo maganar katakon da masu baburan tsere ke cusawa tsakanin taya da marfinta don hana nutsewa, su biyun suka yi dariya, don marfin tayar wannan babur a manne yake da taya, katako ba shi da wurin zama sai an yi masa dabara.

Ni dai da na tsaya kallo, na ga kowa tirelarsa yake karewa. Maƙalin dattijon yana riƙe babur a tsaye ko babu bel, saboda haka kamun ƙasa ya ishe shi. Namu tokare kawai yake yi, ba ya cizo, idan muka kama daga ƙasa babu abin da zai hana kan babur kwantawa a kwana. Da za a ba ni zaɓi in sayi tirela gobe, irin tasa zan nema. Ban faɗi haka a mota ba.

Kafin mu tashi Kawu ya ɗora bayan hannunsa a tsakiyar kowace tayar tirela. Ƙananan tayoyi ne, suna juyawa fiye da na mota sosai a gudu ɗaya, kuma boris ɗin da giris ya ƙare masa da zafi yake fara magana. Ɗumi kawai ya ji.

Mun shiga Sikotlan ta Gretna, muka haye Beattock, muka ratsa Gilasgo, muka tsallake kogin Clyde ta gadar Erskine, muka kama hanyar A82. Daga nan gudun mai tirela ya koma mil 50 duk inda hanya ba a rabe take ba, amma bayan Tarbet ko an ba ka 50 ɗin ba za ka karɓa ba. Hanyar ta matse tsakanin dutse a hagu da ruwan tafkin Loch Lomond a dama, kwana na bin kwana, ga manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suna fitowa daga lungu sun cinye rabin layinka. Tirela ba ta bin sawun mota daidai, a kwana yanke take yi ta ciki, sai ka buɗe kaɗan kafin ka karya, in ba haka ba tayarta ta hau dutse ko ta faɗa ramin gefen kwalta. Sau da yawa na ji ta daki wani abu ta yi sama. Idona ɗaya na hanya ɗaya na madubi, ina ganin kan babur yana nutsewa yana tasowa, bel ɗin suna nan a miƙe.

A nan ruwa ya sauko. Da muka wuce ƙarshen tafkin muka samu fili muka raɓe, Kawu ya fita cikin ruwan ya sake bin su ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna mini ƙyallen da aka ɗinke a jikin kowane bel, shuɗi. A ƙa'idar Turai shuɗin ƙyalle na nufin zaren foliyesta ne, kore na nailan, ruwan ƙasa kuma wani nau'in roba daban. Nailan idan ya sha ruwa miƙewa yake yi, bel ɗin da ka ja tamau a rana sai ka tarar da shi yana reto bayan ruwa. Foliyesta bai cika damuwa da ruwa ba. A kan ƙyallen akwai lambar ƙarfin da bel ɗin ke iya riƙewa, da shekarar da aka yi shi. Wanda ƙyallensa ya cire ko gefensa ya fara zarewa, Kawu ba ya ɗaure babur ɗin mutane da shi.

Bayan Crianlarich da Tyndrum da Bridge of Orchy hanya ta hau Rannoch Moor. Fili ne fetal mai dausayi da ƙananan tafkuna, babu gida babu bishiyar kirki, tsayinsa a inda hanya ta fi hawa mita 348, sai dogayen sanduna a gefen titi da ke nuna hanya idan ƙanƙara ta rufe ta. Iska daga gefe take zuwa, babu abin da ke tare ta. Kwaltar kuma tana da wani irin hawa da sauka a jere, wanda mota ba ta ji sosai amma tirela marar nauyi tana ji har ƙashinta.

A can muka hango wata mota a raɓe da fitilun haɗari, wani mutum na rungume da babur a kan tirela yana ƙoƙarin tayar da shi shi kaɗai. Muka tsaya. Bel ɗinsa sababbi ne, masu racet, sun fi namu kauri. Amma ƙugiyoyinsu buɗaɗɗu ne, ba su da marfi. Tirela ta faɗa kwari, babur ya nutse, bel ɗin dama ya saki, ƙugiya ta fita daga zobe ta kwanta a kan katako lafiya lau, ko lanƙwasa ba ta yi ba. Na hagu kuwa da ya rage shi kaɗai sai ya yi aikinsa, ya janyo babur ya kwantar da shi. Allah ya taimake shi bel ɗin baya ya riƙe, asarar ba ta wuce hannun kuloci da ya karye ba da ƙujewar tanki. Muka tayar da shi. Kawu ya koma mota ya ɗauko ƙugiyoyi biyu masu marfin sifirin daga cikin na ajiya, ya maƙala masa, ya nuna masa yadda ko da babu irinsu zai iya zura ƙugiya ta cikin zobe ya dawo da ita ya maƙale a jikin bel ɗin, ya naɗe bakin da salatif. Mutumin ya yi ta godiya, hannunsa na rawa, ko sanyi ne ko tsoro.

Da muka koma mota Kawu bai ce komai a kai ba. Namu ƙugiyoyin duk masu marfi ne, na lura da su tun jiya amma sai yanzu na kalle su da kyau.

Daga nan Buachaille Etive Mòr ya taso a hagu, dutse guda mai tsini a bakin kwari, hanya ta gangara Glen Coe. Kwarin da aka yi wa mutanen zuriyar MacDonald kisan gilla ke nan a watan Fabrairun 1692, yau kuwa motoci ne a fake ko'ina ana ɗaukar hoto. Gangara da tirela marar birki tana son haƙuri, don duk nauyinta a kan birkin mota yake. Na sauko da giya na bar inji ya riƙe mu. A ƙasa akwai hanyar da ta ɓalle zuwa Kinlochleven, inda ake hawan da ake kira Pipeline, doguwar gargada mai duwatsu a gefen bututun ruwan da aka shimfiɗa don tsohuwar masana'antar alminiyam. Kawu ya nuna wajen da haɓa, ya ce yaron zai san kansa a can.

Sauran tafiyar labarin gasar ya cinye ta. An fara ta a 1909, lokacin da abin da ake gwadawa shi ne ko babur zai iya jure hanyoyin tsaunukan nan ma tukuna, kuma kulob ɗin masu motoci na Edinbara da kewaye ne ke shirya ta har yau. Baburan Ingila masu nauyi ne suka riƙe ta shekara da shekaru, sai a 1965 Sammy Miller ya ci ta a kan Bultaco, ƙaramin babur marar nauyi daga Sifaniya, daga nan kowa ya juya. Wato irin babur ɗin da ke bayanmu, da duk wahalar ɗaure shi, jikan wancan ne. Wani mahayi ɗan Ingila, Dougie Lampkin, ya ci ta fiye da sau goma. A kowace rana mahaya kan yi tafiyar da ta kai wajen mil 100, ta dausayi da kan kwalta, shi ya sa namu yake da lamba da rajista duk da ba shi da kujera.

Muka haye gadar Ballachulish, wadda ta maye gurbin jirgin fito a 1975, muka bi gefen Loch Linnhe har Fort William. Dutsen Ben Nevis, mai tsayin mita 1,345, gajimare ya rufe shi ruf, ƙafarsa kawai muka gani. Filin ajiye motoci na West End, a bakin ruwa, ya cika da manyan motocin kamfanonin babura da tantuna da ƙarar injuna, ana jin Faransanci da Sifaniyanci ta ko'ina.

Saurayin da mahaifinsa suna jiranmu. Yaron ya kai hannu zai danna maɓallin bel ɗin gaba, Kawu ya riƙe masa wuyan hannu. Kwancewa ma da tsarinta. Baya ake fara saki. Sannan mutum ɗaya ya riƙe kan babur ya ɗan danna, ɗayan ya sassauta gefe ɗaya a hankali, don sifirin da aka danne tun jiya jira yake, idan ka saki dama gaba ɗaya babur zai yi tsalle ya faɗa hagu, kan wanda ke tsaye a wurin. Na riƙe, Kawu ya sassauta, shokozoba ta taso a hankali har ta miƙe. Ya cire robar birki, muka gangaro da shi da baya.

Yaron ya durƙusa ya shafa sandunan shokozoba da yatsa ya duba, babu mai. Ya danna kan sau biyu uku, ya buɗe fetur, ya nemi igiyar kashe inji bai gani ba, ya ɗago a firgice. Kawu ya bar shi ya ɗan lalube aljihunsa tukuna, sannan ya ce mini, "Ɗan nan, buɗe aljihun mota ka ba shi abinsa." Bugu biyu inji ya tashi. Mahaifin ya tambaya ko za mu dawo ɗaukarsa ranar Asabar idan an gama. Kawu ya ce za mu dawo, amma a wanke shi kafin mu iso, shi ba ya ɗora madaukansa a kan laka, yashin cikinta yana cin zare yana cin fenti. Ya miƙa wa yaron gejin iska ya ce ya rage tayoyinsa kafin ya manta.